Wane suna za mu ba "method acting" da Hausa?

Malamar adabi, Katsina:
Assalamu alaikum. Ɗalibai masu rubutu kan wasan kwaikwayo suna yawan cin karo da abin da Turawa ke kira method acting, kowa kuma yana fassara shi yadda ya ga dama. Wasu kan rubuta "dabarar wasa", wadda ba ta bayyana komai ba. Abin nufi shi ne ɗan wasa ya gina tauraron da aka ba shi daga rayuwa ta zahiri, tasa da ta mutanen da ya lura da su, har ya riƙa jin abin da tauraron ke ji. Tushen abin daga Konstantin Stanislabski ne, wanda ya kafa gidan wasa a Mosko a 1898 shi da abokin aikinsa. Daga baya Lee Strasberg ya ɗauki wani ɓangare ya zurfafa shi a Actors Studio, wurin horar da 'yan wasa na birnin New York, wanda aka buɗe a 1947. Ni "sajewa" na kawo. Me kuka gani?

Darakta, Daura:
Wa'alaikumus salam, Malama. Sajewa ta wuce gona da iri. Wanda ya saje ya ɓace, alhali ɗan wasa dole ya bar rabin hankalinsa a kan alamar da aka zana masa a ƙasa, da inda kyamara take, da layin abokin wasansa. A duba yadda aikin ke tafiya. A ce an ba mutum dillalin shanu. Da farko zai rubuta wa dillalin tarihin da babu shi a takarda: shekarunsa, matansa nawa, wa ke bin sa bashi, wa yake jin kunya. Sai ya tafi kasuwar Mai'adua ya wuni kusa da dillalai, ba sau ɗaya ba, ya ga yadda suke riƙe sanda, yadda suke jan mai saye gefe, yadda fuska ke zama in mai dabba ya ce albarka. A ƙarshe ya tambayi kansa: da ni ne la'adar yau ta kuɓuce mini, ga cefane na jira, me zan yi? Amsar nan ce ke fitowa a idonsa. Ina ganin "shiga riga" ta fi.

Tsohon ɗan wasan rediyo, Katsina:
Darakta, bayaninka ya yi, amma rigar ce ban yarda da ita ba. Riga a waje take. Yaron tashe da ya manna gemun auduga ya shiga riga, ɗan kama da ke kwaikwayon malami shi ma haka, kuma duk wannan kalmar kwaikwayo ta riga ta ɗauke shi. A rediyo ma babu rigar da mai sauraro zai gani, numfashi da murya ne kawai, kuma nan take ake gane wanda ke karanta takarda. Akwai masu cewa a ɗauko "hawa" daga bori. Kada a soma. Wanda iska ya hau, a faɗar masu bori, ba ya sanin abin da ya yi, mu kuwa da saninmu muke aiki, ga kuma nauyin da kalmar za ta ɗora wa sana'ar da dama ana yi mata kallon hadarin kaji.

Ni "aron hali" nake so. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi aikin soja kafin ya zama Samanja, shi ya sa tsawarsa da Hausarsa ta bariki ba su taɓa yin kama da ƙirƙira ba. Daga rayuwa ya ɗebo halin ya zuba wa tauraron.

Malamar adabi, Katsina:
Baba, na ji daɗin wannan. Abin da ya ɗan tsayar da ni shi ne Bahaushe ya ce hali zanen dutse, to ta yaya za a are shi? Amma da na sake dubawa, kalmar aro ce ke warware matsalar, don abin aro dole a mayar. Ɗan wasa bai canja nasa halin ba, ya ɗauki na wani ne zuwa wani lokaci. Kuma tana shiga jimla ba tangarɗa: ya yi aron hali, ba ta iya aron hali ba, salon aron hali. Na janye sajewa.

Darakta, Daura:
Ni ma na janye rigata, ranka ya daɗe. Mayarwar nan kuwa ita ce inda ake samun ɓaraka, har ga masu kallo, waɗanda kan ci gaba da tsanar wanda ya fito a mugu ko sun gan shi a masallaci.

Saura ɓangaren da Strasberg ya fi dogara da shi, wato tuno abin da ya taɓa samunka don tayar da ji. Ɗan wasa zai zauna a kujera ya saki jiki, kuma ba baƙin cikin zai nema kai tsaye ba. Zai tuno zafin ranar, warin ɗakin, sautin da ke shigowa ta taga, sai jin ya biyo baya da kansa. Strasberg ya ce abin ya kai shekara 7 da faruwa, don ɗanyen ciwo yakan fi ƙarfin mai shi. Matsalarsa biyu. In aka maimaita ɗauka sau da yawa hawayen kan ƙafe, kuma mai yin sa kan nutse cikin kansa ya daina sauraron wanda ke gabansa. Stella Adler, malamar 'yan wasa a Amurka, ita ma ba ta yarda da shi ba, ta ce a dogara da ƙirƙirar tunani da yanayin da labarin ya bayar. Wannan ina so mu kira shi "fami".

Tsohon ɗan wasan rediyo, Katsina:
Fami ya dace da wurin kuka, don tsohon miki ake taɓawa. Amma dabarar ta haɗa da tuno farin ciki, ranar suna ko dawowar mahajjaci, kuma ba mai kiran wannan fami. Malama, ki rubuta aron hali yanzu. Na biyun a bar shi a buɗe, a ji ta bakin 'yan wasan dandali tukuna.