Neman kalmar Hausa: me za mu kira abin da ake shafa wa mota bayan gugar fenti?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wasu kalmomi uku na Turanci da suka daɗe suna damuna: "wax", "sealant" da "ceramic coating". Duka ukun abubuwa ne da ake shafa wa jikin mota bayan an gama goge fenti, domin su kare shi. Amma a bakinmu sunansu ɗaya ne da abin gogewar kansa, wato folish. Mota ta dusashe, a sa folish. Ta ƙwarzane, a sa folish. Ana son ruwa ya riƙa zamewa a jikinta, nan ma folish. A ganina kalmar nan guda ɗaya ta cinye fentin motoci masu yawa, shi ya sa nake so mu raba wa kowanne sunansa. Wasunku sun riga sun aiko min da shawarwari a kan wannan, zan bi su a ƙasa.

Ga dalilina. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai launi, sai kuma a can sama wani fenti garai-garai marar launi da masu fenti ke kira kiliya. Tun wajen shekarun 1980 wannan tsari ya zama ruwan dare a masana'antun mota. Sheƙin da ido ke gani na kiliya ne, kuma ita ce ke tare hasken rana kada ya koɗar da launi. Kaurinta a motar da ta fito daga kamfani yawanci bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kan mutum ma yakan fi ta kauri.

Folish na gaskiya yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kaifi. Aikinsu su ci saman kiliya kaɗan-kaɗan har ya daidaita da zurfin ƙwarzanen, sai fenti ya koma sumul, sheƙi ya dawo. Wato ragewa yake yi, kuma abin da ya rage ba ya dawowa sai dai a sake fesa fenti. Su kuwa waɗancan ukun ba sa cin komai, ƙari suke yi a kai. To mutumin da kariya kawai yake so, ya je duk bayan wata biyu yana cewa a sa masa folish, aka ɗora wa motarsa inji, me zai faru? A hankali kiliya za ta sirance, wata rana ya ga rufin mota da bonet sun yi fari-fari suna ɓamɓarewa. Bai yi ganganci ba, harshen ne bai ba shi kalmar da zai nemi abin da yake so ba.

Shi folish ba zan ɗauki lokacinku a kansa ba. Man guga ya ishe shi, aikin kuma gugar fenti. Duk wanda ya ji guga ya san za a murza ne.

"Wax" ma ba wahala, domin muna da kaki tun tale-tale. Kakin mota. Sai dai a sani cewa ba kakin zuma ne ginshiƙinsa ba. Wanda aka fi daraja ana samunsa daga ganyen karnuba, wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Burazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Ganyen ne ke fitar da kakin don ya rage asarar ruwa a lokacin rani. Sai a sare shi, a shanya, a buge garin ya zubo, a narka a tace. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa na karnuba sai ya kai 82 zuwa 86. Saboda taurinsa ba ya shafuwa shi kaɗai, dole a sirka shi da mai da wasu sinadarai masu tausasa shi. Abin da ke cikin gwangwanin da ake sayarwa ke nan.

Wani ɗan uwa ya rubuto cewa kaki zai rikice da kakin soja. Na ji, amma da zarar an ce kakin zuma ba wanda ke tuna soja, haka zai kasance da kakin mota.

Inda gizo ke saƙar shi ne "sealant".

Bari in fara bayyana shi, don mu san abin da za mu raɗa wa suna. Shi ba daga itace ko ƙwaro aka samo shi ba, haɗin masana'anta ne, yawanci ruwa-ruwa. In an shafa shi siriri aka goge, sinadaran cikinsa sai su sarƙe da juna su kama saman kiliya. Wannan kamun yana ɗaukar lokaci: da yawa daga cikinsu ana so a bar mota sa'o'i 12 zuwa 24 ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Kakin mota zaunawa kawai yake yi a kan fenti, zafi da sabulu su cinye shi cikin makonni ko 'yan watanni biyu zuwa uku. Shi kuwa wannan yakan kai wata huɗu zuwa shida, wani ma ya wuce, ya danganta da rana da yawan wanki. Ku tuna fa jikin baƙar mota a tsakar rana yana iya haura digiri 70, ga shi kakin da aka sirka ya fi tsantsarsa laushi. Nan bambancin yake fitowa fili.

Ga shawarwarin da suka iso ya zuwa yanzu, da abin da nake gani.

Ƙanena da ya ce mu ari kalmar kawai mu ce silan, ban ƙi aro ba. Taya da birki da injin duk aro ne, sun kuma zauna daram. Matsalar ita ce a Turancin kansa kalmar tana da ɗakuna da yawa. Gam ɗin da ake matsawa a gasket don kada mai ya tsiyaye sunansa ke nan, ruwan da ake ɗurawa a taya ya toshe huji shi ma haka. Ka aiki yaro ya sayo silan, Allah kaɗai ya san wanda zai kawo. Mu ari kalma mu aro ruɗaninta, ban ga riba ba.

Malama, kin kawo maliƙi, daga liƙe. Ginin kalmar ya yi kyau, yana bin sahun mabuɗi da marufi. Amma liƙi a kunnen Bahaushe haɗa abu biyu ne, ko toshe kafa. Wanda ya ji maliƙin fenti zai zaci abin manne fentin da ya ɗago ne. Haka danƙon fenti da wani ya kawo: danƙo yana nuna abu mai kama ƙura, alhali wannan santsi yake sawa har ƙura ta rasa wurin zama.

Makarin fenti kuwa da farko ya burge ni, sai na tuna yadda muke amfani da kalmar. Makarin guba shi ne abin da ke karya guba. Ashe makarin fenti zai zama abin da ke karya fenti, mun juya ma'anar ke nan gaba ɗaya.

Man kariya gaskiya ne, amma ya yi faɗi. Kakin mota ma ai man kariya ne. Kuma kiran sa mai yana da haɗari, don akwai masu shafa wa mota mai na gaske ta yi ƙyalli na yini ɗaya, washegari ƙura ta liƙe.

Wanda ya zauna min a rai shi ne wanda wani dattijo a cikinmu ya kawo. Baba, Allah ya ƙara girma, ka ce me ya hana mu ce makuba? Ga waɗanda ba su san ta ba, makuba ruwan ɓawon ɗorawa ne da magina ke shafa wa bango ko daɓe bayan an gama aiki, ta bushe ta ƙara masa ƙarfi, ruwa ya rage shiga. Ku duba yadda siffofin suka dace. Abu ne da aka haɗa, ruwa-ruwa. Ba ya gyara aikin da ke ƙasa, sai an gama ake shafa shi. Yana buƙatar a ba shi lokaci ya kama. Ba ado ne babban aikinsa ba, kariya ce. Kuma ba na har abada ba ne, ana sabunta shi. Ban san wata kalma tamu da ta tattara waɗannan duka ba.

Akwai ƙorafi biyu, kuma ban raina su ba. Na farko, makuba tana da launi, tana sa wuri ya yi duhu, wannan kuwa garai yake. Amsata ita ce aikin muke ara, ba kalar ba, kamar yadda muke cewa birki ko sitiyari ba tare da mun damu da asalin surarsu ba. Na biyu, matasa da yawa ba su taɓa jin kalmar ba. Gaskiya ne. Amma su ma "sealant" ɗin sai an yi musu bayani. In dai bayanin ya zama dole, gara mu yi shi a kan kalmar da kakanninmu suka bari, wadda ba ta da wata ma'ana a harkar mota da za ta yi karo da ita. Don haka ni ƙuri'ata tana kan makubar fenti.

Saura na ukun, wato "ceramic coating". Mutane da dama sun ce sulke, tunda yana da tauri kuma yana kai shekaru. Ni ina jin tsoron kalmar, domin ta yi alkawarin da abin ba zai cika ba. Ginshiƙinsa sinadarin silika ne, wanda shi ne ke cikin yashi da gilashi, kuma in ya bushe kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Yana jure sabulu da rana fiye da sauran, wanki ya yi sauƙi, amma ba ya tare tsakuwar da taya ta watso, ba ya hana makulli ƙwarzanar ƙofa. Lambar 9H da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta duwatsu ba, mutane da yawa ba su san haka ba. Wanda aka ce masa an sa wa motarsa sulke zai saki jiki, ranar da ya ga tabon farko ya ce an cuce shi. Mu ajiye sulke ga ledar nan mai kauri da ake manna wa gaban mota, wadda kan kai maikiron 150 zuwa 200, ita ce da gaske take tare tsakuwa. Na so in ce shafin gilashi, amma kowa zai ɗauka na gilashin mota ne. Shafin tangaran ya fi: yana kawo wa zuciya abu mai tauri, mai santsi, mai sheƙi, kuma ba wanda ke tsammanin tangaran ba ya lahanta.

In ana son suna ɗaya da zai rufe su duka, garkuwar fenti ta yi.

Yanzu mu gwada su a magana, tunda kalmar da ba ta shiga jimla ba ta da amfani. Motar da ke kwana a waje tana yini a rana, makubar fenti ta fi dacewa da ita. Wadda ke zaune a inuwa, mai ita kuma yana jin daɗin shafe-shafe da hannunsa, kakin mota zai ba shi sheƙi mai zurfi da mutane da yawa ke so a launuka masu duhu. Wannan dai ra'ayin ido ne, ba doka ba. Mai son haɗa biyun ya fara da makuba, ta kama, sannan ya ɗora kaki. In ya juya, makubar za ta zauna a kan kaki maimakon fenti, su tafi tare. Kafin kowannensu a share maiƙon da man guga ya bari, yawanci da sinadarin IPA, wani nau'in barasa na goge-goge, da aka sirka da ruwa, in ba haka ba kamun ba zai yi ƙarfi ba. A yi aikin a inuwa, jikin mota da sanyi, a shafa siriri, domin lafta shi da yawa wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Shi kuwa shafin tangaran, duk ƙwarzanen da aka bari a ƙarƙashinsa zai zauna nan, kuma in aka bar shi ya daskare da tudu a wani wuri sai an sake guga kafin ya fita. Jimlolin nan duk sun tafi ba tare da na nemi Turanci ba.

Oga mai fenti, na gode da tunatarwarka, ta cancanci kowa ya gani: motar da aka fesa wa sabon fenti ba a gaggauta sa mata garkuwa. Fentin yana ci gaba da fitar da sinadaran da aka dama shi da su, shi ya sa masu haɗa fenti kan ce a jira kwana 30 zuwa 90. Mai mota ya tambayi wanda ya yi masa fentin kafin ya shafa komai. Fentin da aka yi shi da gangan marar sheƙi kuma, ba guga ba kaki, yana da nasa kayan daban.

Akwai kalma guda da har yanzu ba mu daidaita ba, ita ce "curing", wato lokacin nan da makuba ko shafin tangaran ke ɗauka kafin su yi ƙarfi. Bushewa ba ta isa ba, domin a taɓa a ji ya bushe cikin mintuna, alhali aikin cikinsa bai ƙare ba, kuma a nan ne mutane ke kuskuren wanke mota da wuri. Wasu sun ce nuna, wasu daskarewa. Ni na fi karkata ga kama jiki: a bar makuba ta kama jiki kafin ruwa ya taɓa ta. Masu fenti da masu wankin mota, ku ne ke faɗa wa kwastoma wannan kullum, da wace kalma kuke faɗa?