Ƙarin bene a gidan da ake ciki: a ɗora kan tsohon gini ko a tayar da sabo a baya?

Baban Walida, Badariya:

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da magina, ina neman shawararku. Gida ne mai ɗaki uku da falo a Birnin Kebbi, bulo inci tara, rufin kwano, babu ginshiƙi sai biyu na baranda. A bayansa akwai filin da zai ɗauki ginin mita 6 a mita 10, har a bar hanya ta gefen katanga. Ana bukatar falo da kicin a ƙasa, ɗaki biyu kowanne da banɗakinsa a sama. Wasu sun ce a yaye kwano a zuba dekin kan tsohon ginin, wai ya fi sauƙi tunda akwai fandisho. Wasu sun ce a tayar da sabon bene a filin bayan. Wanne ne daidai? Kuma kaya nawa zan tanada, tunda kuɗin ba lokaci ɗaya za su zo ba?

Injiniyan Gesse:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Filin baya za ka gina. Ga dalili.

Kankare mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi yana da nauyin kusan kilo 2,400. Gida mai ɗaki uku yakan kai murabba'in mita 120, in aka zuba masa dekin mai kaurin inci shida, ka ɗora masa sama da tan 40 ke nan, tun ba a jera bulo ko ɗaya a sama ba, ba a sa tayil ba, mutane da kaya ba su hau ba. Fandishon da aka yi wa gidan kwano ba a lissafa shi da wannan ba. Bulon da ke jikinsa kuma ba wanda ya san buhun siminti ɗaya guda nawa ya fitar. Ana iya yi, amma sai an tsaga bango an dasa ginshiƙai, an fasa daɓen ɗakuna an haƙa wa kowane ginshiƙi raminsa, iyali kuma sun tashi sun kama haya wata da watanni. In ka haɗa wannan, sauƙin da ake faɗa ya tafi.

A filin baya ma kada a fara da auna igiya. A haƙa ramin gwaji biyu ko uku, zurfin mita ɗaya da rabi, injiniya ya duba. Birnin Kebbi ba ƙasa ɗaya ba ce: akwai wurin da za ka tarar da jan marmara mai tauri tun kafin mita ɗaya, akwai kuma ɓangaren da ya gangara fadama, laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani. A binciko kuma ko an taɓa yin rijiya, masai ko sokawe a wurin aka cike. Bayan gida yawanci nan ake yin su, kuma ginshiƙin da ya faɗa kan tsohon masai sai ya nutse, komai yawan rodin da ke cikinsa.

Ga ginin 6 a 10, abin da aka saba shi ne ginshiƙi 12, layi uku huɗu-huɗu, don kada tazara ta wuce mita uku da rabi. Kowanne inci tara a inci tara, rodi 16 (wato mai kaurin milimita 16) guda huɗu, da zoben rodi 8 duk bayan inci takwas. Gindinsa tabarmar rodi 12 a ramin mita 1.2 a 1.2, kaurin kankare ƙafa ɗaya. Bim, wato kankaren da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗauke da dekin, inci tara a inci 18. Dekin rodi 12, tazarar inci takwas tsaye da kwance, da ƙarin rodin sama a kan kowane bim. Wannan don ka san girman aikin ne kawai. Ainihin lissafin sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya ga ƙasar ya sa hatiminsa.

Abu ɗaya da ake yawan ɓatawa: kada a ɗinke sabon gini da tsohon. Tsohon ya gama zama, sabon zai ɗan zauna a shekarun farko, in an haɗe su wurin haɗin ne zai tsage tun daga ƙasa har sama. A bar rata kamar inci ɗaya, a cusa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij, a rufe saman da kwano yadda ruwa ba zai bi ba. Ramukan da ke jikin tsohon bango kuma a haƙa su ɗaya-ɗaya, a zuba wannan kafin a buɗe na kusa da shi, kada a bar gindin gidan a tone har ruwa ya same shi.

Malam Mai Ƙiyasi:

Injiniya ya gama magana kan tsari, bari in taɓa aljihu. Alhaji, kada ka rubuta kasafinka da naira, ka rubuta shi da buhu da tan da tifa. A farkon 2024 buhun siminti ya tashi daga wajen dubu biyar ya haura dubu goma cikin makonni kaɗan, duk wanda ya riƙe jimillar naira a kansa ya tsaya a linta. Yawan kaya ba ya canjawa, farashin ranar sai ka ninka.

A bisa awon da Injiniya ya bayar, da kwaɓin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, giranet huɗu) wanda ke cin buhu shida da ɗan ɗori a kowace mita ta kankare, gindin ginshiƙai zai ci kamar buhu 33, ginshiƙan kansu ƙasa da sama 28, bim 23, dekin 57, matakala 12. Fandishon bango da jaman fulo (kankaren daɓen ƙasa) wajen 60, linta da bim ɗin rufi 25. Bulo kuwa guda goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, da na cikin ƙasa da na farafet (gajeren bangon da ke kewaye rufi) za ka nemi kusan 3,300, jera su buhu 65. Fulasta ciki da waje wajen 60, ɗaurin tayil 35. A taƙaice buhu 400, ban da na buga bulo in kai za ka buga.

Rodi kusan tan uku: na 16 guda 70, na 12 guda 130, na 8 guda 75. A nan ake cutar mutane. Rodi cikakke tsawonsa mita 12 ne, kuma tan ɗaya na 16 guda 52 zuwa 53 ne, na 12 kuma 93 zuwa 94. In mai shago ya ce tan ɗinsa na 12 ya haura guda ɗari, ba kyauta ya yi maka ba, rodin ne siriri. A je da ma'auni a gwada kauri da tsawo kafin a loda.

Siminti yana kusa da mu, masana'antar Kalambaina ta Sakkwato na nan, amma dutsen giranet ba ya nan kusa. Duwatsun suna wajen Zuru, Yawuri da Gusau, shi ya sa kuɗin mota ke shiga farashinsa sosai. Ranar dekin kaɗai, in aka haɗa da bim da matakala, za a ci buhu 92, giranet kusan tan 20, yashi rabin haka. Yashi ka tara shi da rani, in gulabe suka cika tifa ba ta shiga, farashi sai ya hau. Siminti kuma akasin haka: kada ka jibge shi fiye da wata biyu, a ɗora kan katako nesa da bango, in ba haka ba ya daskare. In kana son kama farashi, ka biya dillalin da ka amince da shi da rubutacciyar takarda ka riƙa ɗiba.

Abubuwan da ba sa shiga lissafin mutane su ne falanki da gora na tokare dekin, ƙusa da wayar ɗauri, hayar miksa, ruwa (in babu boho, tanka ce ko 'yan garuwa kullum), mai gadi, sabon sokawe don tsohon ba zai ɗauki ƙarin banɗaki biyu ba, da kuɗin zane da na izini. Sannan ka sani ranar da aka rufa kwano ka wuce rabi ne da kaɗan. Ƙofofi, tagogi, wayarin, famfo, silin, tayil da fenti suna cin abin da ya kusa kai na gangar jikin ginin. A saman duka ka ware kashi 15 cikin ɗari ka manta da shi.

Baba Birkila, Rafin Atiku:

Alhaji, Allah shi ba da iko. Duk abin da malaman nan suka rubuta a takarda, rana ɗaya ke gyara shi ko ta ɓata shi, ranar dekin.

Ba a zuba dekin rabi yau rabi jibi. Kaya su cika a ƙasa tun jajibiri, ruwa a cikin duro, miksa da mai a cikinta, leburori sun san da asuba za a fara. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, a sa masa rairayi kwano huɗu, tsakuwa takwas. A tsayar da mutum ɗaya bakin miksa ba ya komai sai ƙirga, don in rana ta take yara kan ƙara rairayi su tsula ruwa, kwaɓin ya yi ruwa-ruwa ya yi daɗin ɗauka. Wannan kankaren ba ya ƙarko. Tsakuwar marmara kuma a bar ta wa jaman fulo, kada ta hau sama, murƙushewa take yi.

Kafin a zuba kwano ɗaya ka hau da kanka ka duba. Rodi kada ya kwanta kan falanki, a ɗaga shi da biskit ɗin suminti kaurin inci ɗaya, in ba haka ba bayan 'yan shekaru za ka ga tsatsa ta fito jikin silin tana zubar da fulasta. Rodin sama a kan bim, masu kwano kan tattake shi ya koma ƙasa, sai a shimfiɗa musu katako su bi ta kai. Mai wayarin da fulamba su gama sa bututunsu tun kafin ranar, ba bayan ya bushe su zo da guduma ba. Gora kowace ƙafa biyu zuwa biyu da rabi, gindinta kan katako, ba kan ɓallin bulo ba. A nemo baibireta, injin girgiza kankare, a caccaka bim da wuyan ginshiƙi don kada a ware katako a ga ramuka.

Bayan nan sai ban ruwa. Zafin Maris zuwa Mayu a nan, ko iskar hunturu, kan shanye ruwan kankare kafin ya kama. A yi ɗan kunya da rairayi a gefe a tara ruwa saman dekin, ko a shimfiɗa buhunan suminti a riƙa jiƙawa safe da yamma, kwana bakwai mafi ƙaranci. Gora kuma kada a taɓa ta sai bayan sati uku, in an kai kwana 28 ya fi. Kafinta zai matsa yana son kayansa ya kai wani aikin, kada a saurare shi. Kuma kada a tara bulon sama wuri ɗaya tsakiyar ɗanyen dekin.

Baban Walida, Badariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Baba, in kuɗi suka yanke, a wane mataki za a iya tsayawa ba tare da aikin ya lalace ba? Tunanina in zuba dekin mu shiga ƙasa, sama ta jira shekara ɗaya ko biyu.

Maman Sadik, mai zanen gidaje:

Kafin su amsa, Alhaji, akwai abin da ya riga haƙa rami. Ka kai zane da takardun fili hukumar raya birane ta jiha, KUDA, ka karɓi izini. Ƙarin bene sabon gini ne a wurinsu, ko da cikin katangarka yake.

Matakala tana cin wajen mita 2.2 a mita 4, ƙasa da sama, don haka falon ba zai kai yadda kake hasashe ba. Tsayin mita uku taki 18 ne, kowanne bai kai inci bakwai ba, shimfiɗar ƙafa inci goma zuwa sha ɗaya, da wurin hutawa a tsakiya. In aka matse ta don a ƙara falo, tsofaffi ba za su hau ba, gado da kabad ma ba za su juya ba. Banɗakunan sama a jera su saitin kicin, bututu ya sauka ta bango ɗaya.

Sai maƙwabta. Tagar bene tana kallon tsakar gidan mutane, inda mata ke girki da wanki, wasu gidajen ma banɗakinsu ba rufi. Ta wannan ɓangaren a ɗaga taga sama da tsayin mutum ko a sa gilashi mai duhu, baranda kuma ta fuskanci cikin gidanka. A sanar da su tun kafin leburori su hau sama, su ma su kimtsa. Don zafi kuma, a rage tagogi ta yamma, a bar rata mai kyau tsakanin kwano da silin da ƙofofin iska, in ba haka ba a watan Afrilu ba mai iya kwana a sama.

Injiniyan Gesse:

Alhaji, wuri uku ake tsayawa: bayan jaman fulo, bayan dekin, bayan rufi. Tsayawa da ramuka a buɗe, ko da rodi a ɗaure kan falanki ana jiran kuɗin siminti, shi ne asara, katako ya lanƙwashe rodi ya yi tsatsa.

Shiga ƙasa bayan dekin yana yiwuwa, sai dai dekin ba rufi ba ne. An zuba shi a miƙe, ruwan Agusta zai kwanta a kai ya bi bututun wayarin ya ɗigo cikin falo. In zai jira damina, a yi masa siririn daɓe mai gangara zuwa indararo biyu, a toshe bakin bututu, a yi wa ramin matakala rumfar kwano. Rodin ginshiƙai a bar su sun fito aƙalla ƙafa uku, a shafe su da ruwan siminti, kada a lanƙwasa su.

Ni dai da za a bi tawa, da an daure an jera bulon sama an rufa kwano, ko ba fulasta ba taga, sannan a dawo a gama ƙasa. Kuɗin daɓen wucin gadi da rumfa ya tafi cikin bulo. Wajen rufin a bar rodi 8 ko waya mai kauri cikin bim ɗin sama a naɗe katakon da shi, don guguwar farkon damina ta fi dukan bene fiye da gidan ƙasa, ƙusa kaɗai ba ta riƙewa. In kuma akwai niyyar ɗora tankin ruwa a sama, a faɗa tun wajen zane. Lita 2,000 tan biyu ne, sai an zaunar da shi saitin ginshiƙai an ƙara wa wurin rodi, ko a yi masa hasumiyar ƙarfe daban a ƙasa.