Waɗanda rana ke ƙarewa a kansu: kowa ya faɗi abin da ya gani

Malamin makaranta, Mabera

Assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa yin bazara a Sakkwato ya san cewa daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum, kuma daga azahar zuwa la'asar titi kan yi tsit kamar an yi shara. Mu da muke da ɗaki ko rumfa muna samun wurin fakewa. Waɗanda nake so mu tattauna a kansu su ne mutanen da abincinsu yake cikin ranar, kuma aikin da suke yi namu ne.

Makon jiya wutar layinmu ta lalace, sai ga ma'aikata biyu da tsani wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ƙaramin cikinsu ya hau falwaya, ya yi kusan minti arba'in a sama, kuma da ya sauko na ga gumi ya bushe a bayan rigarsa har ya bar farin zane kamar na gishiri. Mu kuwa muna tsaitsaye a inuwar dogonyaro, babu abin da ke fita daga bakinmu sai tambayar yaushe za a kawo wuta. Cikinmu babu wanda ya tuna da ruwa, har da ni da nake koya wa yara ladabi a aji. Wata tsohuwa ce daga cikin gida ta aiko jikarta da kwanon sha cike da ruwan randa, kuma yadda yaron nan ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya shanye, shi ne ya hana ni sukuni har yau. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa.

Uwargida, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Malam. Ni nawa laifin ya fi naka, domin na shekara ina cinikin ruwa da mai ga-ruwan unguwarmu kamar ina sayen atamfa. Kurarsa tana ɗaukar jarka 12, kowace jarka lita 25, wato kilo 300 ke nan ban da nauyin kurar kanta, kuma lungunmu yashi ne, sai ya sa ƙirji ya tura kafin taya ta motsa. Ban taɓa yin wannan lissafi ba sai a azumin 2024, wanda ya kama a watan Maris ya kai cikin Afrilu, lokacin da zafi ya yi tsanani a duk yankin nan.

Wata rana na aika a kira shi da tsakar rana saboda baƙi. Da ya gama juye ruwan a cikin duro, sai na hango shi ta labule ya tara hannu a ƙarƙashin jarkar ƙarshe, ya tattara ɗigon da ya rage, ya jiƙa hularsa da wuyansa, leɓensa duk sun tsage. Yana azumi, kuma tun safe ruwa yake turawa zuwa gidajen mutane ba tare da ya kurɓi ko ɗigo ba. Na ce masa, "Baba, sannu da rana." Ya ce, "Hajiya, ai wagga rana sai haƙuri." Tun daga ranar na daina neman ragi, na kuma mayar da sayen ruwana bayan asuba ko da yamma, ko da kuwa hakan zai sa wanki ya kwana. Idan azumi ne, kofin kununsa yana cikin lissafin gidanmu.

Ɗan kabu-kabu, Dandima

Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri da kuka tuna da mu. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga kan babur. Mutane suna zaton muna shan iska, alhali iskar bazara idan ana gudu kamar daga bakin tanda take fitowa, ga zafin inji a ƙafa, ga na kwalta yana tasowa daga ƙasa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne fasinjan da zai ce a jira shi minti biyu, ya shige shago mai sanyi ya yi rabin sa'a, ya fito kuma ya yi musu a kan kuɗin da aka riga aka yi ciniki. Wanda muke yi wa addu'a kullum shi ne mai gidan da ya ajiye randa da moɗa a ƙofar gidansa. Mun san waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, kuma mukan faɗa wa junanmu inda suke.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama

Ɗan'uwa mai babur ya taɓo abin da nake gani a wurin aiki. A wannan lokaci akan kawo mana leburori da 'yan dako da jiri ya kayar, kuma yawancinsu ba su san cewa jiki ya daɗe yana yi musu gargaɗi ba. Idan fitsari ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, ko kai yana sarawa, ko tsokar ƙafa tana ɗaurewa, to ruwan jiki ya yi ƙasa. Mutumin da ke yawan bushewa haka shekara da shekaru yana wahalar da ƙodarsa. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri, shi ya sa ruwan gishiri da sukari yake da amfani: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, idan mutum ya fara surutai marasa kan gado, ko ya rikice, ko ya suma, jikinsa kuma ya yi zafi rau, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti nan take, kuma kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Sannan ina tunatar da ku game da matan da ke bi gida-gida da akwatin rigakafi rataye a kafaɗa. Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, kuma waɗanda suka ga annobarsa a Sakkwato da Zamfara a 2017 sun san darajar rigakafi. Sau da yawa a tsaye ake barinsu a ƙofar gida, ko tabarma ba a shimfiɗa musu.

Dillalin albasa

Ni ina da ɗan bambancin ra'ayi da Hajiya, tare da girmamawa. Sauya lokaci yana da sauƙi ga mai sayen jarka biyu, amma idan albasa ta iso daga fadamun Goronyo da Wurno, ga tirela tana jiran tafiya kudu, direba ba zai saurari maganar rana ba. Kuma 'yan dako da buhu ake biyansu, saboda haka idan ka ce su huta, a kunnensu cewa ka yi su rage abin da za su kai gida. Na taɓa tsayar da lodi da azahar don tausayi, sai da suka yi fushi da ni. Abin da ya yi aiki a wurinmu shi ne fara lodi tun bayan sallar asuba, da kafa rumfar zana kusa da mota, da ajiye duron ruwa wanda kuɗinsa yake wuyana. Kuma ina biyan kowa kafin ya bar wurin, domin tun muna yara muke jin hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ga shi kuma a bazarar Sakkwato gumi ba ya daɗewa bai bushe ba.

Dattijo, Ƙofar Marke

'Ya'yana, duk kun yi magana mai kyau, amma akwai waɗanda ba ku ambata ba, su ne masu haƙa kabari. Gawa ba ta jiran rana ta yi sanyi, idan aka yi rasuwa da hantsi, to da azahar suna cikin rami. A watan jiya na raka wani maƙwabcina, na isa maƙabarta kafin jama'a, na tarar da mutum uku suna karɓa-karɓa da diga ɗaya. Ƙasa ta yi tauri har digar tana tsalle, sai sun zuba ruwa sun jira ya jiƙa ta kafin su ci gaba, kuma ruwan da suka zuba wa ƙasa ya fi wanda suka sha yawa, domin jarka biyu kawai suke da ita, da kuɗinsu suka saya. Babban cikinsu ya girme ni. Da aka gama binnewa aka shafa fatiha, jama'a suka yi wa 'yan'uwan mamaci gaisuwa suka watse, su kuwa suna gefe suna kakkaɓe ƙafa, mutum biyu kawai na ga sun je sun ba su hannu.

Na kai maganar ga limamin unguwarmu, an kuma amince ranar Juma'a bayan an sauko za a kai randa biyu a girke a ƙarƙashin itacen da ke bakin ƙofa, matasa za su riƙa cika su bi da bi. Diga da shebur ne har yanzu ba mu samu ba, wanda yake da su a ajiye ko da tsofaffi ne ya kawo masallaci kafin ranar.