Murar Tsuntsaye: Abin da Masu Kiwo Suka Gani da Idonsu

Mai kajin ƙwai, Gezawa: Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda murar tsuntsaye ta taɓa shiga wa akurki ya faɗi abin da ya gani. Ni a 2015 ta same ni, lokacin da ta yi wa gonakin Kano ɓarna. Da yamma kajina na cin abinci lafiya, da asuba na tarar da su zube, kawunansu a kumbure, zankonsu ya yi shuɗi. Na yi musu rigakafin kaji na Lasota da na Gumboro a kan lokaci, amma likitan dabbobi ya ce waɗannan ba sa kare kaza daga H5N1, wato nau'in murar tsuntsayen da ya kama su.

Malamin dabbobi, Ringim: Alhaji, gaskiya ya faɗa maka. Tun da aka tabbatar da ɓullar cutar a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, a watan Fabrairun 2006, hanyar da Najeriya ta bi ita ce kashe kajin da suka kamu, a binne su, a yi feshi, a biya diyya. Faransa kuwa ta fara yi wa agwaginta rigakafi a 2023, sai dai rigakafin na buƙatar gwaji a kai a kai, domin kazar da aka yi wa allura tana iya ɗauke da cutar ba tare da ta nuna alama ba.

Mai kiwon zabi, Hadeja: Malam, mu da ke bakin fadama, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu, matsalarmu ita ce diyya. Maƙwabcina ya kai rahoto, aka kashe masa kaji, ya daɗe yana sintiri kafin ya ga ko sisi. Da na kusa da shi suka ga haka, sai suka riƙa kwashe nasu zuwa kasuwa da daddare, aka yanka, aka fige da hannu, yara na taya fiɗa.

Ma'aikaciyar lafiya, Bichi: Yaya, wannan figar ita ce abin da ke tayar mini da hankali, domin a 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Ƙasar Finlan ta fara yi wa ma'aikatan gonakinta allurar rigakafin murar tsuntsaye a 2024, kuma a watan Mayun 2025 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma ni a wurin aikina, mai zazzaɓi da tari yakan zo ya tafi ba wanda ya tambaye shi ko kajinsa sun mutu a makon.