Ruwan ramin kwal yana gangarawa rafi, ya ake tare shi?

Ɗan Kwangila:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar haƙar ma'adinai a taimaka. Ina aiki a wani wajen haƙar kwal irin na buɗaɗɗen rami, bana oga ya ɗora min kula da ruwa. Duk sanda akai ruwa mai ƙarfi sai ya wanke tulin ƙasar da eskabeta ta kwashe ya haɗu da wanda muke zuƙowa daga ramin, su gangara rafi baƙi ƙirin, a ƙasa kuma akwai masu fadama da makiyaya, har mai unguwa ya fara aike. Bara mun haƙa kududdufi amma kafin Agusta ya cike da laka. Ya ake yi?

Injiniya Mai Tifa:
Wslm. Malam kududdufinka ya cika ne dan ka sa shi ɗaukar ruwan duniya gaba ɗaya. Ka fara jan lambatu ta saman wajen, ruwan da ke saukowa daga tudu ya zagaye ya wuce abinsa tun bai taɓa kwal ba, sai ya rage wanda ya faɗo cikin filinku kaɗai zaka yi fama dashi. Sannan kududdufi biyu ake yi a jere, na farko ya riƙe yashi da tsakuwa tunda su nan da nan suke kwanciya, na biyu mai tsawo dan laka mai laushi tana ɗaukar kwanaki, kuma mashiga da mafita suyi nisa da juna, in suna kusa ruwan wucewa kawai zaiyi. Mafitar ta ɗebi ruwan sama-sama, a jera mata duwatsu kar ta zaizaye. Yashe lakar kuwa da rani ake yi, kuma dan Allah kar a zube lakar a bakin kududdufin, ruwan farko zai maido ta, wlh naga masu yin haka. Tulin ƙasar a rage masa tsayuwa a yi masa hawa-hawa a dasa jema, saiwarta tana riƙe ƙasa sosai.

Baƙon Inugu:
Duk abinda injiniya ya faɗa haka ne amma akwai wanda yafi laka sharri. A jikin kwal akwai wani ma'adini mai ƙarfe da farar wuta, da ya sha iska da ruwa sai ya koma asid. Ruwan zai iya fitowa garau kace na famfo ne alhali kifi baya rayuwa a ciki. Inugu tun 1916 aka fara haƙo kwal, an daina aikin da daɗewa amma ruwan tsohon ramin Onyeama bai daina shiga kogin Ekulu ba. Ka duba duwatsun inda ruwanku ke bi, in sunyi ja kamar tsatsa to shine. Ka sayi takardar awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, bata da tsada, in ya sauka ƙasa da 6 sai an saka farar ƙasa ko a bi dashi ta kan dutsen da ake siminti dashi kafin a sake shi.

Hajiya Fadama:
Ni dai ta ɓangaren masu noma zanyi magana. Laka in ta kwanta a fadama ba mai kwashe mana ita. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta yarjejeniya da mutanen gari, ga kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Ƙanena kaje wajen mai unguwa da ƙafarka kafin su kai ƙara, ku auna ruwan a gabansu.

Ɗan Kwangila:
Nagode Allah ya saka. Yallaɓai injiniya in lakar taƙi kwanciya zan iya zuba alam?

Injiniya Mai Tifa:
Zaka iya amma alam yana ƙara tsamin ruwa, ka auna pH ɗin tukun ka turo mana abinda ya nuna.