Baba yana ƙwarewa duk lokacin da ya sha ruwa, don Allah ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallame mu, yanzu muna jinya a gida. Idan na ba shi ruwa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo hawaye, muryarsa ta koma ruwa-ruwa. Amma koko mai kauri yana wucewa lafiya. Gwaggonmu ta ce belu ne ya sauka, a kira wanzami. Yayana kuma ya ce a kwantar da shi a riƙa ɗura masa tunda ba ya ci. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Ta yaya ruwa zai fi koko wuyar haɗiya?

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, 'yar uwa. Ɗora yatsanki a kan wuyanki ki haɗiye yawu, za ki ji wani abu ya yi sama ya dawo. Akwatin murya ne, wanda a maza yake fitowa fili, zakaran wuya. A maƙogwaro iska da abinci hanya ɗaya suke bi, sai a ƙasa su rabu: bututun iska a gaba, yana zuwa huhu, bututun abinci a bayansa, tsawonsa kimanin santimita 25 a babban mutum, yana zuwa ciki. Idan harshe ya tura loma baya, ganɗa mai laushi da belu su toshe hanyar hanci, akwatin murya ya hau, wani ɗan guringuntsi ya kife a bakin bututun iska kamar murfin tukunya, numfashi ya tsaya. Duk wannan cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Daga nan tsokar bututun abinci ta riƙa matsa lomar tana kora ta ƙasa.

Ƙwaƙwalwa ce ke tsara wannan jerin. Cutar Baba ta taɓa ta, shi ya sa rufewar ke makara. Ruwa yana da gudu, kafin a rufe ya faɗa hanyar iska. Koko a hankali yake tafiya.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, maganar Malam haka take. Ina roƙonki da Allah kada a ɗura masa, musamman a kwance. Abin da ya bi hanyar iska huhu yake sauka, ya jawo nimoniya, kuma tana cikin abubuwan da suka fi kashe masu irin wannan jinya. Wani ma abincin yana shiga huhu ba tari ko kaɗan, sai dai a ga zazzaɓi.

Zaunar da shi sosai, ki tokare bayansa da filo, kansa kada ya ɗaga sama. Ƙaramin cokali, ki jira ki ga wuyansa ya motsa kafin ki ƙara. Kada a ja shi da hira yana ci, kada a ba shi yana gyangyaɗi. Idan ya gama, leƙa kuncin ɓangaren da ya shanye, sau da yawa abinci na maƙalewa a nan bai sani ba. Wanke masa baki, ya zauna minti 30 kafin ya kwanta. Amma wannan duk riƙon ƙwarya ne, dole a auna haɗiyarsa a asibiti. Idan kuna Kano, Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Zazzaɓi ko haki kuwa, ba a kwana da su.

Wata Hajiya:
'Yata, ki bi Gwaggonku da lalama, so ne ya sa ta faɗa. Amma belu ba shi da laifi a nan, yanka shi jini da ciwo kawai zai ƙara wa bawan Allah. Ni na yi jinyar maigidana. Da aka ce za a sa masa robar hanci, wadda ake ba da abinci ta cikinta har zuwa ciki, kuka na yi, ashe ita ta riƙe shi har haɗiyar ta dawo. Sannu da ɗawainiya, Allah ya yi miki albarka.

Mai tambaya:
Amin Hajiya, na gode muku duka. Anti, ƙwayoyin maganinsa fa? In daka in zuba a koko?

Ma'aikaciyar jinya:
Kada ki daka sai kin tambayi likita ko mai ba da magani. Wasu an yi su ne su narke a hankali, idan aka daka ƙarfinsu zai fita lokaci ɗaya. Tafi da su duka a kwalayensu. Ki kuma lura da fitsarinsa, idan ya ragu ko ya yi duhu ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ki gaya musu a ranar.