Shaida ce gaba ko Nassi? Muhawarar masu fita bishara

Ɗalibin makarantar Baibul: Salama, iyayena. Ku gafarce ni, amma fitar bisharar da muke yi ta koma ba da labarin kai. Wannan ya warke, wancan ya sami aiki, a tashi ba a buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Ni dai na ce shaida ba bishara ba ce. Romawa 10:17 ta nuna bangaskiya daga jin maganar Almasihu take samuwa.

Mama ta Zumuntar Mata: Ɗana, ka taɓa zama da matan ƙauye a bakin murhu? In ka fara da sura da aya, "to, Malam" za su ce, su ci gaba da tuƙa tuwo. Amma in na faɗi yadda na daina kwana da tsoron mayu, sai a ajiye muciya. Makahon nan na Yohanna 9 da Yesu ya buɗe wa ido, wace makaranta ya yi? Abu ɗaya ya sani: dā ba ya gani, yanzu yana gani.

Ɗalibi: Gaskiya ne, Mama. Sai dai wanda ya je wurin boka ma yana da irin wannan labari. Da me za mu bambanta?

Mai bishara: Nan yaron ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na ga wanda aka jawo da shaidar haihuwa, shekara ta zagayo matarsa ba ciki, ya daina zuwa sujada. Ba mu yi masa ƙarya ba, amma abin da muka ba shi ya riƙe bai kai ba. Ko Bulus da ya ba Sarki Agaribas labarin tubarsa a hanyar Dimashƙu, bai tsaya nan ba, sai da ya kawo Musa da annabawa.

Baba Dattijo: Ku tuna Dokta Mila, Baturen mishan nan mai fassara Littafi Mai Tsarki, ya zauna a Zariya tun 1905, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai 1932 ya fito. A tsakani ba a sami masu bi ba ne?

Ɗalibi: An samu, Baba, amma ai akwai sassan da aka riga aka fassara, ana karanta musu.

Mama: To, Basamariyar da ta gamu da Yesu a bakin rijiya fa? Yohanna 4:39, mutanen garin sun gaskata saboda maganarta.

Ɗalibi: Mama, a ƙarasa zuwa aya ta 42. Cewa suka yi yanzu ba don faɗarki ba, mun ji da kanmu.

Mama: Da ba ta bar tulunta ta ruga gari ba, wa zai fito ya ji?

Baba Dattijo: Ya isa haka. Ranar Asabar kai ɗalibi za ka yi karatu, Mama ta riga ka magana.

Ɗalibi: Na yarda, Baba, in dai za a rage mini lokaci kafin rana ta faɗi.